Kwanon Shugaba da Kwanon Gwamnati

Tun shekarar 2009 wata al'ada ta fara kafuwa a tsakanin wasu masu riƙe da muƙaman siyasa a Amurka. Idan watan Afrilu ya kama, sai a ji kansila, ko magajin gari, ko ɗan majalisar jiha, wani lokaci har ɗan majalisar tarayya, ya fito ya yi alkawarin zai yi kwana bakwai cur bai sa nama a bakinsa ba. Abin ya samo asali ne a Takoma Park, wani ƙaramin gari a jihar Maryland da ke maƙwabtaka da birnin Washington, lokacin da sanatan majalisar jihar mai wakiltar yankin, Jamie Raskin, ya ɗauki wannan alkawari. Wata ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi mai suna Compassion Over Killing, wadda daga baya ta koma Animal Outlook, ta karɓi ragamar abin, ta mayar da shi gangami na shekara-shekara, ana gayyatar jama'a da shugabanninsu su sa hannu. Dalilan da ake bayarwa su ne lafiyar jiki, da halin da dabbobi ke ciki a manyan gonakin kiwo, da ɗumamar yanayi. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikin dalilan nan ba, kuma ban ga laifin mutum ya gwada kansa na mako guda ba. Abin da nake ja da shi shi ne a lissafa wannan mako a cikin ayyukan ofis. Duk wanda jama'a suka zaɓa kwano biyu ne a gabansa: akwai na gidansa, wanda shi da iyalinsa ke ci, akwai kuma na gwamnati, wanda ɗalibai da marasa lafiya da sojoji da fursunoni ke ci da kuɗin haraji. Na biyun ne aka zaɓe shi ya kula da shi, kuma da shi ya kamata a auna shi.

Ya kamata tun da fari a yarda cewa matsalar da masu gangamin ke nunawa gaskiya ce. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2013 cewa kiwon dabbobi, idan aka haɗa da noman abincinsu da sarrafa namansu da jigilarsa, shi ke da alhakin kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya. Kusan kashi biyu cikin uku na wannan daga shanu yake fitowa, kuma babban ɓangarensa iskar metan ce da ke fita daga tumbinsu idan suna tuƙa. Wani babban nazari da aka buga a mujallar Science a 2018, wanda ya tattara bayanan gonaki fiye da 38,000 a ƙasashe 119, ya nuna cewa nama da madara da ƙwai da kifin kiwo suna cinye kashi 83 cikin 100 na ƙasar noma da kiwo ta duniya, alhali kashi 37 kawai suke bayarwa na sinadarin gina jiki da mutane ke ci. Ta fuskar lafiya kuma, a watan Oktoban 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da masana'antu ke sarrafawa da gishiri da hayaƙi da sinadarai don ya daɗe a cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar hanji, ta ce cin giram 50 na irinsa kullum yana ƙara haɗarin da kashi 18 cikin 100. A ƙasa irin Amurka, inda kason mutum ɗaya na nama ya haura kilo 100 a shekara, wanda ya ce a rage bai yi hauka ba. Haka nan wanda ya ga yadda ake cusa kaji masu ƙwai a kejin da ba su iya buɗe fukafukansu a ciki, ya ce zuciyarsa ba ta ɗauka ba, ya faɗi abin da duk mai tausayi zai faɗa.

Sai dai a yi lissafi. Idan aka raba wannan kilo 100 da 'yan kai gida 52, kowane mako zai tashi da kilo biyu ko ɗan fiye. Ko da jami'ai ɗari sun cika alkawarinsu ba tare da kuskure ba, abin da aka tsimi bai wuce naman ƙosasshen bijimi guda ba. A ɗaya gefen kuma, shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayyar Amurka yana ciyar da yara wajen miliyan 30 a kowace ranar makaranta. Ga barikokin soja, ga gidajen yari, ga asibitocin gwamnati, ga ɗakunan cin abinci na ma'aikatu. Duk lomar da aka ci a waɗannan wurare, akwai jami'in da ya sa hannu a takardar kwangilarta, akwai majalisar da ta amince da kuɗinta, akwai kwamitin da ya rubuta ƙa'idar abin da za a zuba da yawansa. Malamin makaranta ko direban bas da ya bar nama na mako guda ya yi iyakar abin da ke hannunsa, kuma ya cancanci yabo. Kansilan da ya yi haka ya tsaya nan, ya yi amfani ne da mafi ƙanƙantar ƙarfin da yake da shi, ya bar babban a ajiye.

A cikin wannan shekarar ta 2009 ce, a watan Mayu, birnin Ghent na ƙasar Beljiyam ya bi wata hanya dabam. Hukumar birnin, tare da wata ƙungiya mai suna EVA, ta ayyana kowace Alhamis a matsayin ranar abinci marar nama. Kansiloli da ma'aikatan birnin ne suka fara, wato su ma sun yi abin a kan kansu kamar takwarorinsu na Maryland, amma ba su tsaya a nan ba. Kafin shekarar ta ƙare, makarantun da ke ƙarƙashin birnin sun mayar da girki marar nama ya zama shi ake zubawa ranar Alhamis, iyayen da ba su so kuma suna da damar neman a ba ɗansu nama. An buga taswirar gidajen abincin da ke sayar da irin wannan girki an raba wa jama'a, an kuma horar da masu dafa abinci, domin an gane cewa idan girkin bai yi daɗi ba yara za su zubar. Kansilan da ya fara abin zai iya faɗuwa zaɓe, ko ya koma cin namansa, amma jadawalin kicin ɗin makaranta yana nan. Ƙasashe ma sun bi wannan hanya daga baya: Fotugal ta yi doka a 2017 da ta wajabta wa duk wurin cin abinci na gwamnati ya tanadi girki marar nama ga mai so, Faransa kuma ta yi doka a 2018 da ta sa makarantu su riƙa ba da irin wannan abinci sau ɗaya a mako daga watan Nuwamban 2019.

Babu inda bambancin kwanukan nan biyu ya fito fili kamar birnin New York. Eric Adams, wanda ya zama magajin garin a farkon 2022, ya yi suna da cewa ya bar cin duk abin da ya fito daga dabba bayan likitoci sun gano yana da ciwon suga a 2016, har ya rubuta littafi a kan haka. Bai fi wata guda da 'yan kwanaki a ofis ba 'yan jarida suka ruwaito cewa ana ganinsa yana cin kifi a gidajen abinci, shi ma ya fito ya amsa cewa yakan ci jefi-jefi. Aka kwashe kwanaki ana cece-kuce, wasu na cewa ya yaudari mutane, wasu na cewa ina ruwan wani. A cikin wannan shekarar ce kuma asibitoci 11 na birnin suka sauya tsarinsu, suka mayar da girkin wake da hatsi da kayan lambu ya zama shi ake fara tayawa marar lafiya, idan bai so ba a taya masa wani irinsa, idan har yanzu nama yake so a kawo masa. Hukumar asibitocin ta ce fiye da rabin waɗanda aka taya wa suna karɓa, iskar ɗumama yanayi da ke tattare da abincin asibitocin ta ragu da kashi 36 cikin 100, kuma a farkon shirin an samu rarar senti 59 na dala a kan kowane faranti. Makarantun birnin kuwa, masu ɗalibai wajen miliyan ɗaya, tun 2019 a zamanin magajin gari Bill de Blasio suka daina zuba nama ranar Litinin, daga baya aka ƙara da Juma'a, Adams kuma ya zo ya mayar da girkin Juma'ar na kayan shuka zalla. Da a ce Adams bai taɓa kallon kifi ba amma ya bar asibitocin yadda ya same su, da mutanen birnin ba su ƙaru da komai ba. Kifin da ya ci ya shafi gaskiyar maganarsa, kuma jama'a na da haƙƙin tuhumarsa a kan haka, amma bai rage wake ko ƙwaya ɗaya daga farantin marar lafiya ba.

Dalilin da ya sa irin wannan tsari ke aiki ba ɓoyayye ba ne. Yawancin mutane, idan yunwa ta kama su a layin abinci, abin da suka tarar a gabansu suke ɗauka. Masu bincike a Jami'ar Cambridge ta Ingila sun bi diddigin abinci fiye da faranti 94,000 da aka saya a ɗakunan cin abinci uku na jami'ar, suka buga sakamakon a 2019. Da aka ninka yawan girki marar nama daga ɗaya cikin huɗu zuwa biyu cikin huɗu, cinikinsa ya ƙaru da tsakanin kashi 41 zuwa 79 cikin 100, kuma waɗanda suka fi sauyawa su ne waɗanda a da suka fi kowa cin nama. Ba a yi wa kowa wa'azi ba, ba a hana kowa komai ba, ba a kuma nemi kowa ya yi alkawari ba. Mai riƙe da muƙami shi ke da ikon tsara abin da za a tarar a gaba.

Masu goyon bayan gangamin za su ce na raina ƙarfin koyi. Shugaba abin kallo ne, in ji su, idan aka ga sanata ya bar nama na mako guda kuma bai rame ba, talaka zai daina ganin abin a matsayin wautar wasu 'yan tsiraru. Za su kuma kafa hujja da Raskin ɗin kansa, wanda aka ruwaito bai koma cin nama ba bayan makon ya ƙare, kuma daga baya, a 2017, ya shiga majalisar wakilan tarayya. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, ban musa ba. Mutumin da ya yi mako guda yana neman abin da zai ci a wajen taro, a filin jirgi, a kantin ma'aikata, ya rasa sai soyayyen dankali, ya koyi wani abu da rahoto ba zai koya masa ba. Amma darasin nan ba shi da amfani ga jama'a sai ya bi shi har cikin zauren majalisa. Kuma mako guda na mai kuɗi, wanda ke da mai dafa masa abinci da mota da kantin da ke cike da kayan lambu a kusa da gidansa, bai nuna masa halin matar da ke aiki biyu a unguwar da babu kantin sayar da ɗanyen kayan miya sai an hau bas ba. Hausawa na cewa ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Idan ƙungiyoyin nan suna son sanin ko gangaminsu ya yi mai, su koma wa kowane jami'in da ya sa hannu bayan shekara guda, su tambaye shi wace kwangila ya gyara, wane ƙuduri ya gabatar, wace ƙuri'a ya jefa, su kuma buga amsar kamar yadda suka buga hotonsa.

Wasu kuma za su ce to, ko bai amfana ba ai bai cutar ba. A nan ma ina da ja, domin tarihin 'yan shekarun nan ya nuna cewa sanarwar da ba ta da aiki a bayanta tana tayar da ƙura daidai da wadda doka ke tayarwa, ba tare da ta bar komai a ƙasa ba. A watan Yulin 2012 wata takardar labarai ta cikin gida a ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta shawarci ma'aikata su gwada barin nama ranar Litinin. Ƙungiyar masu kiwon shanu ta ƙasar ta yi ca, ma'aikatar ta janye maganar nan take ta ce ba da yawunta aka rubuta ba, Sanata Chuck Grassley na jihar Iowa kuma ya sanar cewa shi ƙara cin nama zai yi ranar Litinin. A 2021 gwamnan Colorado, Jared Polis, ya ayyana 20 ga Maris a matsayin ranar barin nama. Takarda ce kawai, ba ta tilasta wa kowa komai ba. Duk da haka gundumomi da dama a jiharsa suka ayyana ranar a matsayin ranar cin nama, aka yi ta gashi a fili, gwamnan jihar Nebraska mai maƙwabtaka, Pete Ricketts, shi ma ya yi tasa sanarwar ta goyon bayan nama. Aka wayi gari abin da mutum zai ci da rana ya zama tutar jam'iyya. Wanda a da zai iya sauraron likitansa ya rage jan nama, yanzu yana ganin idan ya rage ya bi bayan abokan hamayya. Wannan asara ce, kuma lafiyar mutane ce ke biyan kuɗinta.

Yayin da ake wannan hayaniya, abubuwan da ke sa nama ya yi araha a Amurka suna nan daram ba wanda ya taɓa. Tun dokar 1985 ake cire dala ɗaya a kan kowace saniya da aka sayar, a zuba a asusun tallata naman shanu da ke ƙarƙashin kulawar ma'aikatar aikin gona. Makiyayan da ke kiwo a filayen gwamnatin tarayya a yammacin ƙasar sun shafe shekaru suna biyan dala 1.35 kacal a wata a kan saniya da ɗan maraƙinta, kuɗin da bai kama ƙafar abin da ake biya a filayen masu zaman kansu ba. Masara da waken suya, waɗanda su ne abincin dabbobin da ake turkewa, suna cikin amfanin gonar da suka fi samun tallafin gwamnati. A Tarayyar Turai ma kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafin kuɗi a tallafin noma yake tafiya. Waɗannan duka ƙuri'ar 'yan majalisa ce ke riƙe da su. Ɗan majalisar da ya ci ganye mako guda a watan Afrilu, ya zo ya jefa ƙuri'ar sabunta dokar noma yadda take ba tare da ya nemi gyaran layi ɗaya ba, ya warware da ƙuri'arsa fiye da abin da ya ƙulla da cikinsa sau dubbai.

Hujja mafi ƙarfi a kaina ita ce ta masu cewa gara alkawarin ganin dama da dokar tilas, domin gwamnati ba ta da hurumin shiga tukunyar mutane. Suna da misalai. A zaɓen Jamus na 2013 jam'iyyar masu rajin kare muhalli ta ba da shawarar a keɓe rana ɗaya a mako marar nama a wuraren cin abinci na gwamnati, jaridu suka yi mata rubdugu da cewa jam'iyyar hane-hane ce, ƙuri'unta suka sauko daga kashi 10.7 zuwa 8.4, kuma masu sharhi da dama sun sa wannan shawara cikin dalilan. A watan Fabrairun 2021 magajin garin Lyon a Faransa, Grégory Doucet, ya sa makarantun birnin su riƙa ba da girki iri ɗaya marar nama, ko da yake da kifi da ƙwai a ciki, ya ce don a hanzarta layi ne saboda annobar korona. Manoma suka shigo gari da taraktoci da shanu, ministan cikin gida Gérald Darmanin ya kira abin cin mutunci ga manoma da mahautan Faransa, ya ce akwai yaran da ba sa samun nama sai a makaranta. Wannan magana ta ƙarshe ba ta jefarwa ba ce, ko daga bakin wa ta fito. Amma a lura, gwamnatin da ke ciyar da yaro ta riga ta shiga tukunya. Duk ranar da aka rubuta jadawalin abincin makaranta an yi zaɓi, kuma zuba nama kwana biyar a mako shi ma zaɓi ne da wani jami'i ya yi. Abin da Lyon ta yi da ya jawo mata fushi shi ne ta toshe ƙofar zaɓi gaba ɗaya a kowace rana. Ghent da asibitocin New York sun bar ƙofar a buɗe, sun sauya abin da ake fara miƙowa ne kawai. Sharaɗi na biyu shi ne abin da ya maye gurbin naman ya zama abinci na gaske mai gina jiki. A makonnin farko na shirin Juma'a a makarantun New York iyaye sun yi ta koke da hotunan farantan da ba su ƙoshar ba, kuma suna da gaskiya. Cire nama daga farantin ɗan talaka ba tare da an cike gurbinsa ba zalunci ne, ko da wace niyya aka yi shi.

Akwai kuma iyakar da bai kamata a ƙetare ba. A Indiya, inda ƙin cin naman shanu ya haɗu da siyasar addini, an kai ga zubar da jini. A 2015 a yankin Dadri na jihar Uttar Pradesh, gungun mutane suka kashe wani Musulmi a kan jita-jitar cewa ya ajiye naman saniya a gidansa. Duk lokacin da hukuma ta mayar da abinci ma'aunin tsarkin mutum, marasa rinjaye ne ke shan wuya. Shi ya sa nake ganin magana a kan kwangila da farashi da lafiya ta fi aminci a kan nuna tsarkin kai a gaban kyamara. Mai karatu Musulmi kuma ba sai ya ji tsoro ba. Nama halal ne, layya ibada ce, kuma wanda ya rage cin nama don lafiyarsa ko don gudun almubazzaranci bai haramta abin da Allah ya halatta ba. Addinin da ya yi umarni a wasa wuƙa a hutar da dabba, a kuma guji yanka ta a gaban 'yar'uwarta, ba zai rasa abin cewa a kan kejin da kaza ba ta iya juyawa a ciki ba. Kiristoci da yawa ma, musamman 'yan Katolika, sun saba da barin nama a ranakun Juma'a na lokacin azuminsu.

To mu ina ruwanmu? Ruwanmu na farko shi ne iskar da ta tashi daga turken shanun Texas ba ta neman biza. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya ba, amma yankinmu na Sahel yana cikin waɗanda rikicewar damina ta fi bugu, kuma ambaliyar 2022 kaɗai ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya. Muna da haƙƙin mu nemi shugabannin ƙasashe masu arziki su yi abin da zai rage wannan iska da gaske, kuma mako guda a shekara ba zai rage ta ba. Ruwanmu na biyu shi ne kada a kwaso maganin cutar wasu a ɗura mana. Kason ɗan Najeriya na nama bai kai kilo 10 a shekara ba. Gidaje da yawa a Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram suna yin mako, suna yin wata, da tuwo da miyar kuka, da wake da shinkafa, da ɗanwake da ƙosai da awara, ba don sun yi wa kowa alkawari ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Yaron da ke cikin wannan hali ƙwai yake buƙata, da nono, da ɗan kifi, da ɗan nama.

Masana za su ce, kuma gaskiya ne, saniyar makiyayinmu tana fitar da metan mai yawa a kan kowane kilo na nama ko kowace litar nono fiye da saniyar Turai, domin tana daɗewa kafin ta girma kuma nononta kaɗan ne. Sai dai wannan ma'auni ya bar abubuwa da yawa a waje. Garken da ke yawo a Azawak ko a tsaunin Mambila yana cin ciyawar ƙasar da yawancinta ba ta nomuwa, yana cin kara da harawa da dusa bayan girbi, ya bar taki a gonar manomi. Ba a sare dajin Amazon don a shuka masa waken suya ba, alhali kusan kashi uku cikin huɗu na waken suyan duniya a cikin dabbobin turke yake ƙarewa. Kasuwannin Maigatari da Potiskum da Mai'aduwa da Wudil suna riƙe da rayuwar mahauta da dillalai da direbobi da masu jima da masu tallar nono da ba sa ƙirguwa. Hanyar rage iskar da shanunmu ke fitarwa ita ce rigakafi, da ruwan sha, da ingantaccen abinci a lokacin rani, da burtalin da ba a nome ba, domin saniya mai lafiya ta fi saurin girma kuma ta fi nono. Wannan ne aikin da ke jiran ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya da aka kafa a 2024, kuma shi ya kamata wakilanmu su riƙa faɗa a tarukan yanayi idan aka fara yi wa dukkan shanun duniya kuɗin goro.

Idan wata rana wannan al'ada ta iso mana, wani gwamna ko ɗan majalisa ya ce zai bar nama na mako guda, likitansa zai ji daɗi, domin a cikinmu masu muƙami da masu kuɗi ne ke cin naman da ya wuce kima, kuma hawan jini da ciwon suga ba su bar su ba. Amma tambayar da za mu yi masa ita ce wadda ya kamata a yi wa na Maryland, ko da yake amsar da muke nema kishiyar tasu ce. Me ake zuba wa ɗaliban makarantun kwana na jiharsa? Me ake ba mai jego a babban asibiti, da ɗaurarre a gidan gyaran hali? Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016 ya fara ne da naira 70 a kan kowane yaro, kuɗin da yau ko ƙwai ɗaya ba zai saya ba, kuma a watan Janairun 2024 an dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafin jama'a. Gwamnan da ke son a ga ya damu da abin da mutanensa ke ci yana da hanya a buɗe. Ya ware kuɗin ƙwai da nono a kasafin makarantu, ya sa a saye su daga masu kiwon kaji da matan rugagen jiharsa. Ya kuma ba da umarni a liƙa jadawalin abinci a ƙofar kicin ɗin kowace makarantar kwana, da sunan ɗan kwangila da kuɗin da aka biya shi a kan kowane ɗalibi, yadda uwar da ta zo ranar ziyara za ta karanta, ta tambayi ɗanta ko an ba shi ƙwan da aka rubuta na ranar Laraba.